Ina Aka Kwantar da Kawu Hamadu na Dawa?

Kai da kake karanta wannan, ka taɓa ganin raƙumin dawa da idonka? Ba a talabijin ba, ba a hoton kalanda ba. A tsaye, yana numfashi, yana leƙo ka ta saman bishiya. A ƙasar nan aka haife ka, a nan ka yi gemu, babu lungun kasuwar Mokolo ta Yawunde da ba ka sani ba, amma ka taɓa tambayar abin da Allah ya ajiye a dajin ƙasarka, wanda har mutane suke tsallako teku don su gani? In amsarka a'a ce, kada ka ji kunya, haka yawancinmu muke a unguwarmu ta Birik. Mutum ɗaya ne a unguwar nan abin ya tsaya wa a rai, shi ne kuma ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu na 2025, muna cikin Shawwal, ko kayan salla ba mu gama ninkewa ba, Allah ya karɓi ran Hamadu ɗan Abdussamad, ƙanin mahaifiyata, wanda unguwar Briqueterie ta Yawunde, wato Birik, ta sani da Hamadu na Dawa. Ya rasu a bakin aikinsa, a gandun namun daji na gwamnati da ke yankin Garwa, inda ya fi shekara ashirin yana yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Ɓauna ne ya soke shi. Labarin bai iso gidanmu ba sai ranar Alhamis, ta waya, daga bakin sakatariyar kamfanin da yake yi wa aiki, cikin Faransanci mai santsi: an yi hatsari, ya rasu, an riga an binne shi saboda zafi, kamfani yana taya mu baƙin ciki. Ta kashe wayarta.

Daga ranar zuwa yau abu biyu muke tambaya, ba mu sami mai amsawa ba. An yi masa salla? Ina kabarin yake? Zan zo kan wannan. Amma ba zan bari fushina ya riga ka shiga takardar nan ba, Kawu. Kai za ka fara shiga.

Kakanmu Abdussamad daga ƙasar Katsina ya zo garin nan da fataucin tufafi, ya haifi 'ya'yansa a Birik, ya rasu ya bar musu rumfa a Mokolo. Kowa a gidanmu ko yana sayar da yadi ko yana ɗinka shi. Ni kaina a kan keken ɗinki nake wuni. Kai kaɗai, auta, ka ƙi zaman rumfa. Ka koyi tuƙi, kana kai kaya Arewa, har wata rana aka rasa direban da zai shiga da wasu Turawa gandun daji, aka ce ko za ka iya. Ka shiga da su, ka fito wani mutum daban. Yayanka, Kawu Babba, ya ba ni labari cewa da ka dawo ya bar maka tsaron rumfa, wata mata tana taya atamfa, kai kuwa ka tsare ta da bayanin yadda giwa take yi wa ɗanta wanka da hanci. Matar ta ajiye atamfar ta yi gaba. Ya ce maka, "Hamadu, jikan fatake, yanzu kiwon abin da ba a tatsa, ba a yankawa, ba a kaiwa kasuwa za ka koma?" Ka ce, "Yaya, ai abin da ya sa nake son su ke nan. Tunda na taso, su kaɗai na gani ba a tayawa."

Aikinka na rani ne. Da ruwa ya sauka a Arewa, hanyoyin gandun su zama taɓo, ciyawa ta fi mota tsawo, a rufe ƙofa, baƙi su ɗauke ƙafa. Sai mu gan ka ka sauko daga jirgin ƙasa, ka yi baƙi ƙirin, ka rame, da hular nan taka mai faɗin baki wadda mahaifiyarka Hajiya Tasalla ta sha rantsuwa sai ta cusa ta a murhu. Da yamma ka zauna a bencin Mohaman mai soya, yana juya nama a kan wuta, majalisa ta cika har masu wucewa su tsaya. Babu dorinar da ke cikin kogin gandun da ba ka sama mata takwara a majalisar nan ba. Mutum zai zo da babbar rigarsa, ya gaisa, ya yi kamar bai damu ba, can sai ka ji ya ce, "To Hamadu, yaya ka baro takwaran nawa?" Kai kuma ka gyara murya ka ce, "Lafiya lau, Alhaji. Ya ƙara tumbi. Daga safe zuwa la'asar barci yake, in ya farka ya yi hamma a fuskar jama'a, ya kori matasa daga gurbinsa." A kwashe da dariya, Alhajin ya fi kowa, yana cewa Allah ya isa.

Mutanenmu kuwa ka san mu. Tunda aka ji kana aiki a cikin namun daji, ba ka taɓa tashi tafiya ba a biyo ka da saƙo ba. Wannan yana son kitsen mesa don ciwon gwiwa, wancan gashin jelar giwa, waccan ƙahon gwanki. Wani babban ɗan kasuwa, da yake neman shugabancin ƙungiyarsu, ya ja ka gefe bayan sallar isha'i ya ce fatar goshin zaki yake so, don kwarjini. Ka saurare shi har ya gama, ka ce, "Ranka ya daɗe, an dace. Akwai wani babba da na san inda yake shan inuwa. Ka shirya in kai ka, ka roƙe shi da bakinka. In ya ga kwarjinin da kake da shi yanzu, ba zai hana ka ba." Damina guda bai amsa gaisuwarka ba. Amma ko tsinke ba ka taɓa fitowa da shi daga gandun nan ba. Tsarabarka kullum ɗaya ce, zuma daga ƙauyukan gefe, a cikin gorar ruwa, ka bi gida gida ka raba wa tsofaffi.

Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba, ba ka son haka. A cikin gari ba ka taɓa cika alkawarin lokaci ba. Mutumin da yake tashi kafin tsuntsaye a daji, a Birik sai a ɗaura aure a watse kana neman takalmi. Ranar sunan 'yarka Adawiyya ba ka nan, Kawu Babba ne ya yi mata huɗuba, kana can ka bi sawun wasu giwaye da baƙinka. Inna Jiddah, matarka, ta daɗe ba ta yafe maka wannan ba. In mata sun tambaye ta ina mai gidan, sai ta ce, "Wane mai gida? Ni ai matar damina ce. Ku tambayi dorina." Amma ita ce take fara duban sama tun watan biyar bai kama ba, ita ce take tambayar masu zuwa daga Garwa ko hadari ya fara haɗuwa a can.

Ni kuma, makaranta ba ta daɗe da ni ba. Wata damina ka kawo mini littafin tsuntsaye da wani baƙo ya manta a mota, duk hotuna da Faransanci ƙanana ƙanana. Ka ce in bi tsofaffin unguwa in tambayo sunan kowane tsuntsu da Hausa. A kan gauraka da burtu da carki na koyi karatun da nake taƙama da shi yau. Ka san bakina, ka sha ji ina yi wa mutane tatas a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ba ka taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai ka ce, "Zakiyyu, in za ka bi ni daji, ka bar muryar nan a gida. Duk wanda na shiga da shi yana ɗaga murya, jelar dabba kawai ya gani."

Abin da unguwar nan ba za ta manta maka ba shi ne tafiyar shekarar annoba. Baƙi sun daina zuwa, bukkokin masauki babu kowa. Wani zai zauna ya yi tagumi, kai kuwa ka dawo tsakiyar rani kana murna, ka ce yanzu ne lokacinmu. Ka ce abin kunya ne a ce mutum ya taso daga wata duniya ya ga giwar ƙasarmu, uwar da ta haife ka ba ta gani ba. Ka bi layinmu ka tara mu: Hajiya, da Kawu Babba, da Mohaman, da teloli biyu, da wasu mata 'yan adashin Hajiya, da ni. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Gaundare, daga can muka shiga mota.

Abu ɗaya ka manta ba ka gaya mana ba, don bai taɓa zuwa maka a rai ba. Safiyar farko ka ce a fito da wuri. Muka fito. Kowa ya ciro kayan sallarsa. Kawu Babba cikin farar shadda da ta sha sitaci, in ya ɗaga hannu sai ka ji kamar ana yaga takarda. Mata sun sha leshi mai walƙiya da awarwaro, an yi turaren wuta tun asuba, Mohaman ya juye rabin kwalbar turare a wuyansa. Ai mu a saninmu ziyara za mu, kuma ɗan Birik ba ya zuwa gidan mutane da kayan aiki. Ka fito daga bukkarka ka gan mu a jere, ka buɗe baki, ka rufe, ka zauna a ƙasa kana dariya har da hawaye. Duk da haka ka ɗauke mu, ka ce bari mu gani da idonmu. Muka wuni muna zagaye. Ko zabon daji bai tsaya ba. Tun daga nesa iska take kai musu labarinmu, sai dai mu hango ƙura.

Washegari ka raba mana tsofaffin riguna masu launin ƙasa. Kowa ya sa, ban da Hajiya. Ta ce, "Auta, ni ban taɓa shiga gidan kowa da tsumma ba, ba kuma a kan dabba zan fara ba." Ka durƙusa a gabanta kana lallashi kamar mai neman aure, har ta yarda ta lulluɓa da bargonka a kan leshinta, cikin wannan zafi, ta cire awarwaro ta ƙulle a bakin zane. A ranar muka ga abin da muka gani. Garken ɓauna ya tsallaka hanya a gabanmu, Mohaman ya kama hannuna yana rawar jiki, na zaci tsoro ne, sai na ji yana raɗa, "Zakiyyu, dubi cinya. Wallahi guda ɗaya ta ishi Birik da unguwar Messa har da ta Tsinga." Ka juyo ka harare shi, ya ce, "Kallo kawai nake, Hamadu, ido ba ya yanka."

Da rana ta yi sanyi muka iske raƙuman dawa, uwa da ɗanta, suna cin ganye. Ka kashe mota. Kawu Babba ya daɗe yana kallon jikinta, ya ce a hankali, da za a sami wannan zanen a atamfa, da ba ta kwana a rumfa. Hajiya kuwa ta zare bargon daga kanta, ta miƙe tsaye a cikin motar, kana riƙe da hannunta. Raƙumar ta daina tauna, ta sunkuyo da wannan dogon wuya tana kallon tsohuwa. Ban san tsawon lokacin da suka yi a haka ba. Can Hajiya ta ce, "Salamu alaikum, baiwar Allah." Ta zauna, ta share ido, ta ce maka, "Ashe ba gudunmu kake yi ba." Ban taɓa ganin fuskarka kamar yadda na gan ta a wannan lokaci ba.

A bayan masaukin akwai wata tsamiya. Ka jera duwatsu a gindinta, ka share, ka fitar da alƙibla. Nan ka ja mu sallar magariba, muna jin dorina tana gurnani a kogi. Ka ce a nan kake sallarka kai kaɗai, rani bayan rani, don sau da yawa kai ne Musulmi ɗaya tilo a wurin.

Yadda ka rasu, daga bakin direbanku muka ji. Mutumin Kudu ne, Kirista, mutumin kirki. Ba wanda ya aiko shi. Ya zo da ƙafarsa bayan sadakar bakwai, ya tuɓe takalmi a ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa. Ya ce an umarce shi ya yi shiru, shi kuwa ya ajiye musu makullin motarsu, don haka in na tashi faɗa in faɗa.

Ya ce da safe ka sauka da wani baƙo da matarsa, za ku taka 'yar gajeriyar hanyar da kuka saba bi zuwa bakin kogi. Ashe wani tsohon ɓauna yana kwance a cikin duhuwa, wayar tarkon mafarauta ta ci ƙafarsa har ƙashi. Ya tashi dab da matar. Kai da ba ka taɓa ɗaga murya a daji ba, ranar ka yi ihun da direban ya ji daga mota. Ka cire hula kana kaɗawa, ka ruga ɗaya gefen don ya bar ta ya biyo ka. Ya biyo ka.

Sun ɗauko ka zuwa masauki da sauran numfashi. Ya ce abin da ka fara tambaya shi ne ko baƙin suna lafiya. Sannan ka ce a juya ka ta hannun dama, ka nuna musu inda kake son fuskarka ta kalla. Daga nan ka yi ta maimaita wata magana da Larabci, irin wadda yake ji daga lasifikar masallaci, har ka yi shiru wajen azahar. Hajiya ta matso kusa da shi ta ce, "Ɗana, faɗi abin da kunnenka ya ji." Bawan Allah ya yi ta ƙoƙari, harshensa yana karyewa, "La ila... la ilaha..." Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa. Ya isa, Allah ya yi maka albarka."

Bayan haka aka bugo masa waya daga Yawunde, aka ce ya kwashe baƙin ya kai su Garwa nan take. Ya bar ka lulluɓe da zanen gado, a hannun leburorin da kamfani ya ɗauka a ƙauyuka don aikin wannan ranin, waɗanda ko sunayensu bai gama riƙewa ba. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Na so in tsine wa ɓaunan nan. Hajiya ta hana ni. Ta ce, "Da Auta yana nan, cewa zai yi a nemo wanda ya ɗana wayar." Gaskiya ta faɗa. Ba dabba ce ta cuce mu ba, ba kuma daji ba, shi ya sa ban kira sunan gandun a nan ba.

Muka kai maganar gaban Malam Baha'uddeen, limamin masallacin layinmu. Ya ce abin a fili yake. In an wanke ka an sallace ka a can, ko da mutum ɗaya ne ya tsaya, to an sauke, sai addu'a. In kuwa an rufe ka ba salla, to nauyin yana wuyanmu duka, mu Musulmin da muka ji labari, sai wani ya je ya tsaya a kan kabarinka ya yi maka, kuma ba a son a ja lokaci. Wanda bai san addininmu ba zai ce mene ne abin tayar da hankali, ai an riga an binne. Mu kuwa mun san wannan ce hidima ta ƙarshe da ɗan'uwa yake bin ɗan'uwansa. Mutumin da bai taɓa jin an yi rasuwa a Birik yana gari ya ƙi ɗaukar makara ba, yau ba mu san ko an sami wanda ya yi masa kabbara huɗu ba.

Ofishin kamfanin a nan Yawunde yake. Mun je, mun koma, mun sake komawa. Kullum magana ɗaya, "Le patron est en déplacement," wai mai gida ya yi tafiya. A bangon ofishin da akwai hotonka da hularka, kana nuna wa wasu baƙi wani abu daga nesa. Zuwanmu na biyu babu shi, sai ƙusa da shatin inda ya zauna. A shafinsu na intanet ma sun share ka. A makon da muke zaman makoki suka sa hoton raƙumin dawa da faɗuwar rana, suna kiran mutane su zo su huta. Ranar na yi magana a ofishin nan har masu gadi suka shigo, Kawu Babba yana jan rigata yana cewa, "Zakiyyu, don girman Allah." Ka yafe mini, Kawu. Na gwada shawararka, na bar muryata a gida makonni, ko jelar ban gani ba.

Kawu Babba, da ciwon ƙafarsa, ya rufe rumfa ya hau jirgi ya tafi da kansa. Masu gadin gandun sun karɓe shi hannu biyu. Sun san ka, wani ma da ya ji ɗan'uwanka ne sai ya fashe da kuka. Amma ba sa wurin a ranar. Masaukin na kamfani ne, an kulle shi tun bayan abin, leburorin an sallame su, kowa ya koma ƙauyensa. Suka raka shi gindin tsamiyarka, don Hajiya ta ce in mutanen suna da hankali a nan za su sa ka. Duwatsunka suna nan a jere, babu sabuwar ƙasa. Suka duba bakin kogi, suka duba bayan bukkoki. Dajin da ake wuni ana tuƙi ba a kai ƙarshensa ba, ina mutum zai fara? Ya dawo ya zauna a zaure, sannan ya ce, "Na ga shamuwa a kan rufin gidaje a hanya."

Duk wanda ya san Arewa ya san abin da wannan yake nufi. Mu nan Yawunde ruwa ya daɗe da sauka, can kuwa yana bakin ƙofa. Ruwan farko zai baje tudun kabari, na biyu ya fito da ciyawa, a rufe gandun sai wani ranin. Lokacin ko wanda ya haƙa ramin da hannunsa ba zai gane wurin ba.

Hajiya ba ta kuka a gaban mutane. Tana idar da sallar asuba sai ta yafa mayafinta, ta ajiye takalmi kusa da ita, ta zauna a bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Na ce mata, "Tsohuwa, ina za ki da wannan ƙafar?" Ta ce, "Rufe mini baki, mijin banza, da kai za ka goya ni." Ta yi ɗan murmushi, sannan ta ce, "Ni ban ce a dawo mini da shi ba, Zakiyyu. Can ya zaɓa, na kuma ga abin da ya gani. Ina son in san an kallar da shi gabas, an ce Allahu akbar a kansa. Shi ke nan sai in cire mayafin nan."

Ya Allah, ga bawanka Hamadu ɗan Abdussamad ya zo gare Ka. Ka san inda yake kwance ko da mu ba mu sani ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka sanyaya masa ƙasar da ta rufe shi. Ya tsare halittunka da ba su da bakin godiya, bai ci amanarsu ba. Ya ba da ransa don ran baƙuwar da ko yarenta ba ya ji sosai. Ka karɓi wannan daga gare shi, Ka sa kalmar da ya cika da ita ta zama fitilarsa, Ka haɗa shi da salihan bayinka a Aljannar Firdausi. Abin da ya yi na kuskure, Ka shafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga kakata Hajiya Tasalla, Allah ya ba ki haƙurin da ya fi wanda kike nuna mana. Ga Inna Jiddah da take cikin takaba, Allah ya dafa miki, ya zama gatanki. Ga Adawiyya da ƙaninta Nu'man, Allah ya raya ku, ubanku mutum ne, kada ku bari kowa ya gaya muku wani abu daban. Ga Kawu Babba da mahaifiyata, ga Mohaman da 'yan majalisa, ga direban da ya zo da ƙafarsa, ga masu gadin da suka yi kuka, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya kyautata namu ƙarshen.

Saura kai, mai kamfani. Malam ya roƙe ni kada in rubuta sunanka, na ji maganarsa, amma ka san kanka, mu ma mun san ka. Ba mu zo karɓar komai daga hannunka ba. Ba mu tambaye ka dalilin cire hoto ba, riƙe bangonka. Kai ka ɗauki leburorin nan, kai ka san sunayensu da ƙauyukansu, kai ka ba da umarnin a binne kawuna. In ba a yi masa salla ba, ba wanda zai zage ka, ba addininka ba ne, ba a haife ka da saninsa ba. Faɗa mana kawai, akwai mazan da suka shirya hawa jirgi gobe. In an yi, kawo mana sunan wanda ya yi mu gode masa. Amma ba ta bakin sakatariya ba, ba a waya ba. Ka zo ƙofar gidanmu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da layin ya cika, ko ka rubuta a shafin nan naka inda duniya take gani. Shekara ashirin yana dawo maka da baƙinka lafiya, har da na ranar ƙarshe. Ka tsaya a gaban uwarsa da jama'ar Birik ka amsa kafin ruwa ya sauka: wa ya wanke shi, wa ya sallace shi, a ina kuka kwantar da shi?